Rooibos mai banila ko mai kayan ƙamshi: wanne za a riƙo miki?

'Yar uwa, na ga tambayarki. Kin ce ƙanenki da ke karatu a Cape Town ta Afirka ta Kudu zai dawo gida hutun ƙarshen shekara, ya shiga kanti ya tarar da shayin rooibos kala-kala, ya ce ki zaɓa: mai banila, ko mai kayan ƙamshi irin wanda ake fitarwa don bukukuwan Disamba, ko kuma wani mai ɗanɗanon lemu da 'ya'yan itatuwa. Kin ce Mama kike yi wa, tunda shayin dare na hana ta barci, ga kuma baƙi da za su cika gida. Ni dai shawarata, ya riƙo mai banila, sauran gurbin da ya rage a jakarsa ya cike shi da jan rooibos zalla, wanda ba a sa wa komai ba. Mai kayan ƙamshi kwali ɗaya ya wadatar, don dai ki ji yadda yake.

Duka ukun tushensu ɗaya ne, kuma ba ganyen shayin da muka saba da shi ba ne. Wani ɗan tsiro ne mai siraran ganye masu tsini, dangin wake da gyaɗa, wanda ake nomawa a yankin duwatsun Cederberg da kewayen garin Clanwilliam, arewa da Cape Town. Ana yankarsa da lauje daga watan Janairu zuwa wajen Maris, lokacin zafinsu ke nan, a daddatsa shi, a murje, a yayyafa masa ruwa, a tara shi tsibi ya kwana. A wannan kwanan ne yake rikiɗa daga kore ya koma ja, ya kuma samu ɗan zaƙin nan nasa mai kama da zuma. Daga nan sai a baza shi a rana ya bushe. Ba shi da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, ko kaɗan, kuma ba cire masa aka yi ba, haka Allah ya yi shi. Baurinsa ma kaɗan ne, shi ya sa ko kin manta da shi a buta ba ya ɗaci. Saboda haka ta fuskar barcin Mama duk wanda kika ɗauka daidai ne, muddin ba a gauraya shi da wani abu ba, zan zo kan wannan.

Mai banila shi ne wanda ya fi zama lafiya da ganyen. Jan rooibos da ma can yana da wani ɗan ƙamshi mai laushi da ya karkata wajen banila, don haka idan aka ƙara masa ita ba faɗa suke yi ba, ƙara fito da shi take yi. Ki zuba tafasasshen ruwa, ki rufe kofin minti 6 ko 7, ki kurɓa tun kafin ki sa sukari. Za ki ji kamar an riga an sa masa cokali guda, alhali babu komai a ciki, ƙamshin ne ke sa harshe ya ji zaƙi. Ga dattijuwa da ake so ta rage sukari da daddare, wannan kaɗai ya isa dalili. Da madara kuwa ya fi kowanne daɗi, yana yin kauri a baki, launinsa ya koma ja mai haske. Idan kika zuba shi a filas da safe, har la'asar ɗanɗanonsa bai sauya ba.

Inda yake da rauni shi ne idan masu haɗawa suka cika hannu. Akwai wanda da an buɗe kwalin sai ƙamshin ya cika ɗaki kamar ana gasa kek, kofi na farko ya yi daɗi, na biyu ya ginshe ki. Ki ce wa ƙanen naki ya shinshina kwalin a kanti: in har ƙamshin na bugun hanci ta cikin leda ba tare da an buɗe ba, ya ajiye ya ɗauki wani.

Mai kayan ƙamshi kuma shi ne wanda mutane suka fi ruɗuwa da shi, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Yawanci kirfa ce a ciki, da kanumfari, da citta, da busasshen ɓawon lemu, wani lokaci da kadamon ko masoro. Haɗi ne da ya dace da sanyin Kirsimeti na Turai da Amurka. A Cape Town kuwa Disamba tsakiyar zafi ne, da yawa ma da ƙanƙara suke shan rooibos ɗinsu a lokacin. Mu a nan ya faɗo mana daidai hunturu, ga hazo ga tsagewar leɓe, don haka a tunani shi ne ya fi cancanta. Kuma gaskiya idan aka dafa shi baƙi na zaune, ƙamshinsa kaɗai yana yi musu maraba. Da madara da sukari, ga cincin a faranti, yara da matasa za su so shi ƙwarai.

Sai dai harshenmu ya saba da cittar da ke ratsa maƙogwaro har ta sa gumi a goshi. Kayan ƙamshin da ke cikin 'yar jakar shayin nan an niƙa su tun watanni da suka wuce, sun yi zaman kanti, ƙarfinsu ya ragu. Kirfa ce ke daɗewa da ƙarfinta, sai ta danne kowa, citta kuwa sai dai ki ji alamarta daga nesa. Hanci zai yi miki alkawari babba, baki ya samu rabi. In kika sha shi babu sukari za ki ji wani fili a tsakiya, ƙamshi a sama, ruwa a ƙasa, shi kuma rooibos ɗin ya ɓace. In kika ce bari ki bar shi ya daɗe don ya yi ƙarfi, ganyen ba zai yi ɗaci ba, amma kanumfarin zai fara kama harshe. A filas ma ba ya jimiri irin na mai banila, bayan 'yan sa'o'i kirfa kaɗai za ki riƙa ji.

Abin da ke damuna shi ne a ɗauko citta tun daga Afirka ta Kudu a kawo ta ƙasar da ake noma citta a Kachia da Jaba da Kagarko, wadda ake fitarwa ƙasashen waje saboda zafinta. Kanumfari da kirfa da masoro duk suna nan a kasuwa, naira kaɗan. Ganyen ne ba mu da shi. Shi ya sa na ce a cika jaka da zalla. Ki ɗora ruwa lita 1, ki daddaka ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, ki jefa kanumfari 4 da sandar kirfa guda, su tafasa minti 10. Sai ki sa 'yan jakunkunan rooibos 4, ki rage wuta ya ƙara minti 5. Idan kina son ƙamshin lemu, ki fere ɓawon sabo siriri, ban da farin cikin don shi ke kawo ɗaci, ki jefa bayan kin sauke, ki rufe. Ranar da kika ajiye wannan gefe da gefe da na kwali, ba za ki ƙara neman na kwalin ba. Ga shi kuma ke ce mai iko da shi: na Mama ki rage citta, na maigida da abokansa ki ƙara masoro.

Na 'ya'yan itatuwa ba zan ja dogon zance a kansa ba. Sau da yawa zoɓo ake sa masa don ya yi ja da tsami, tare da guntayen busasshen tuffa. Madara ba ta shiga cikinsa, tsinkewa take yi. Da sanyi yake daɗi, a zafin Afrilu, ba a sanyin Disamba ba. Ƙamshin lemu kuma shi ne mai saurin tashi, kafin zafin ya zo ya riga ya tafi. A bar shi wannan karon.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci: ki sa ya ɗauko miki hoton bayan kwalin, inda aka jera abin da ke ciki. Wasu masu kayan ƙamshin, musamman waɗanda aka rubuta wa chai, ana gauraya su da baƙin shayi. In haka ne kafeyin ya dawo, Mama kuma za ta kwana ido biyu tana ɗora wa rooibos laifin da ba nasa ba. Masu cakulan su ma suna da ɗan kaɗan. Akwai kuma wata saiwa mai zaƙi da ake rubutawa liquorice, ana yawan sa ta a irin waɗannan haɗe-haɗen don su yi zaƙi ba sukari, kuma yawan shanta na ɗaga hawan jini. In Mama na da shi, ko tana shan maganinsa, kada a kawo mata mai wannan saiwar. Sannan shayin bukukuwa wasu sunan giya ake sa musu, irin giyar inabin da Turawa ke dafawa da kirfa a lokacin sanyi. Galibi ƙamshi ne kawai aka kwaikwaya, amma tunda wasu kayan ƙamshin a cikin barasa ake narka su, hankali ya fi kwanciya idan akwai tambarin halal. A can wannan ba wuya ba ne, tambarin SANHA ko na MJC, hukumomin tantance halal na ƙasar, na nan a kan kaya da yawa. Mai banila shi ma a duba shi haka. Na zalla kuwa layi ɗaya za ki gani, rooibos kawai.

Kuma ina so ki ɗanɗani zallan don kansa, ko da sau ɗaya, babu komai sai zuma kaɗan. Mutanen Khoi da San, 'yan asalin yankin, su ne suka fara sanin wannan tsiro. A 1904 wani ɗan kasuwa mai suna Benjamin Ginsberg ya fara cinikinsa, a wajen 1930 kuma wani likita a Clanwilliam, Dakta Pieter Nortier, ya gano yadda za a sa irinsa ya tsira a gona. A 2019 aka ƙulla yarjejeniyar ba al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin da ake sayen ganyen daga hannun manoma, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, ta yadda ba za a kira wani ganye rooibos a kasuwarta ba sai wanda aka noma a yankinsa. Abu mai irin wannan asali bai kamata ki fara saninsa a binne ƙarƙashin kirfa ba. Amma kada ki ɗauke shi magani. Za ki ji ana ta jingina masa warkar da cututtuka, ke dai ki riƙe shi a matsayin shayi mai daɗi da ba ya hana barci, maganin asibitin Mama kuma ya ci gaba yadda likita ya ce.

Na zalla ba sai ya wahala wajen nema ba. Masu sunan Freshpak da Laager suna nan a kusan kowane babban kanti a can, akwai kwali mai 'yan jakunkuna 80, marasa zare, sai dai a tsamo da cokali. In ya ga na warwatse wanda ba a ƙulle ba, ya ƙara da shi, ya fi dacewa da dafawa a tukunya, sai ki tace da rariya mai ƙananan ido don ganyen siriri ne, yana bi ta manyan ramuka. Wajen shirya kaya kuma ki ja masa kunne: kowane iri a ledarsa daban, a ɗaure tam, nesa da turare da sabulu. Ganyen yana shan ƙamshin duk abin da ke kusa da shi, kuma kwana biyu a akwati ɗaya da mai kirfa sun isa su mai da zallan naki mai kirfa. Idan sun iso ki juye kowanne a gwangwani mai murfi, ki fara shanye masu ƙamshin cikin watanni kaɗan, zallan zai jira ki.