Injin Subaru ko na Golf: wanne ya dace da tsohuwar Kombi a Kano?

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka a zaure, na ce bari sai na natsu, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu ya gaji Volkswagen Kombi ƙirar 1978 daga mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa da rahama, irin wadda aka yi wa gado da ɗan wurin girki a ciki. Injinta na asali, 1600 mai shan iska, wato iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, ya gaji. Ga hayaƙi, ga ɗigar baƙin mai, in ta zo hawa kuma sai a giya ta biyu. Burinsa ya riƙa ɗaukar iyali zuwa Tiga da Yankari da Jos. Ya ga Turawa a bidiyo suna sa wa irinta injin Subaru, makanikensa kuma ya ce a sa na Golf. Shi ne yake tambayar wanne ya fi.

Ni dai na Golf zan ce, mai fetur. Amma ba zan zalunci Subaru ba, don akwai wuraren da ya fi, kuma ya kamata ka san su kafin ka fitar da kuɗinka.

Mu fara da ƙarfi, tunda shi ke ruɗar mutane. Injin da ke motarka yanzu ƙarfin doki 50 ne, lokacin da yake sabo ma ke nan. Na Golf 3 mai lita 1.8 yana ba da 90, mai lita 2.0 kuma 115. Subaru EJ22 yana kai wajen 135, babban ɗan'uwansa EJ25 kuma wajen 165. A nan Subaru ya yi gaba, babu gardama. Sai dai ka tambayi kanka, ina za ka kai doki 165 a motar da aka ƙera ta kamar akwati, direba na zaune a kan tayar gaba, iska in ta kaɗa daga gefe sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu? Giyabos ɗinta ma an yi shi ne don ɗaukar doki 50 zuwa 70. Doki 90 ya kusa ninka abin da kake da shi, kuma ya isa ka hau tudun Jos da iyali da kaya ba tare da tirela na matsa maka da hon a baya ba.

Inda Subaru ya fi burge ni shi ne zama. Inji ne kwantacce, silinda biyu dama biyu hagu, tsarinsa ɗaya da na Kombi na asali. Shi ya sa masu irin wannan aiki a Amurka da Ingila da Ostareliya suke son sa: gajere ne, yana shiga ɗakin injin ba a taɓa gadon da ke samansa ba, jikinsa alminiyam ne don haka bai cika nauyi ba, sautinsa ma ya yi kama da na tsohon. Matsalarsa ɗaya a nan ita ce kaskon baƙin mai da ke rataye ƙasa sosai. A can suna sayen gajeren kasko da aka ƙera musamman. A nan, in ba a rage shi ba, tudun rage gudu guda a cikin unguwa ko wani rami a hanyar Ningi ya isa ya fasa maka shi. Na Golf kuwa tsayayye ne, silinda huɗu a jere, gangar jikinsa ƙarfe ce mai nauyi, kuma a Golf a gicciye yake zaune, a Kombi sai an juya shi a tsaye da tsawon mota. Sai an ƙera masa maɗauri, sai an auna tsayinsa da kyau, wani lokaci a ɗan kishingiɗa shi don murfin sama ya rufu.

Kada wannan ya tsorata ka, domin kamfanin Volkswagen da kansa ya yi abin da makanikenka ke faɗa. A Meksiko, tun ƙarshen shekarun 1980 suka riƙa fitar da irin wannan jikin motar da inji 1.8 mai shan ruwa, ɗan gidan su Golf, lagireto a gaba. A Brazil ma an daina sa mai shan iska a ƙarshen 2005, aka koma 1.4 mai ruwa, har zuwa 2013 da aka rufe ƙera Kombi gaba ɗaya. In ka ga hoton Kombi da baƙar raga a hancinta, ita ce. Ashe ba ƙirƙirar garejin Kano ba ce, hanya ce da masu motar suka bi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani, don a nan hukuncina ya fito. Ka tsaya a shataletalen Dangi na rabin awa ka ƙirga Subaru nawa za su wuce, ka ƙirga Golf. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce kana neman gasket ɗin tof silinda na Golf 3, kafin ka rufe baki yaro ya ruga ya kawo maka kala biyu ko uku ka zaɓa. Ka ce na EJ25, za a ce ka ba da kuɗi a aika Ladipo a Legas, ka jira. Shi kuwa EJ25 an san shi a duniya da ciwon gasket ɗin nan, kuma kai biyu gare shi, wato gasket biyu, aiki biyu. Tamin bel ɗinsa dogo ne mai bin tayoyi da yawa, in ya tsinke yana tafiya fistin ya daki bawul, ka shiga babban aiki. EJ22 na farkon shekarun 1990 ya fi shi haƙuri nesa ba kusa ba, amma injin da ya haura shekara talatin ne, samun mai lafiya a kasuwarmu sai an tona. Na Golf mai bawul takwas kai ɗaya gare shi, kuma babu garin da ke da tasha a Arewa da za a rasa wanda ya taɓa kwance shi ya mayar. Motar da za ka kwana a cikinta da mata da yara, ba a cikin birni za ta lalace ba. A tsakanin Birnin Kudu da Ningi za ta tsaya, ko a dajin Falgore da la'asar sakaliya. A wannan lokacin ba doki 165 kake nema ba, wanda ya san injin kake nema, da shagon da ke da famfon ruwansa.

Akwai kuma farantin da ke haɗa inji da giyabos, da fulayiwil ɗin da zai dace da kulocin Kombi. Duk injin da ka zaɓa sai ka nemi wannan. Na kowannensu akwai kamfanoni a waje da ke ƙerawa, ka yi oda da dala, ko kuma ka kai wa mai tana ya yanka maka. In za a yanka a gida, ka tsaya a kai. In tsakiyar inji da ta giyabos suka kauce wa juna ko da kaɗan ne, motar za ta tashi lafiya ta yi tafiya, amma bayan 'yan watanni kuloci ya fara kuka, giya ta fara ƙin shiga, a yi ta canja kaya ba a san tushen ciwon ba.

Maganar wayarin kuwa, Golf ya sake yin gaba. Subaru sai an zauna an warware dunƙulen wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, a cire na fitilu da na gilashi da sauran abin da Kombi ba ta da shi, a bar na inji zalla. Aiki ne na mai haƙuri da ya iya karanta zane. Na Golf 3 wayoyinsa kaɗan ne. Sai dai ko wanne ka saya, ka saye shi da birenbos ɗinsa, wato kwamfutar injin, da wayoyinsa da duk na'urorin da ke jikinsa, daga mota ɗaya. Waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 da yawansu suna da makullin tsaro mai lamba, in babu makullin da akwatinsa injin zai tashi ya mutu nan take. Kuma na roƙe ka, kada ka bari a cire injekta a ɗaura maka kafireta don wai ya fi sauƙi. Rabin amfanin sabon injin ke nan ka zubar, ga shan mai, mu kuwa tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi kowa ya san yadda lita take.

Abin da ya fi duk waɗannan girma, wanda bidiyo ba ya nunawa sosai, shi ne ruwa. Motarka ba a ƙera ta da lagireto ba, kuma injinan nan biyu duk ruwa suke sha. A nan kunnen doki suka yi, wahalar ɗaya ce. Ni na ɗanɗana ta. Shekarun baya na sa injin Golf a tawa, wanda ya yi aikin ya cusa lagireto a gefen injin a baya, ya ce fanka biyu sun isa. A cikin gari da sanyin hunturu lafiya lau. Ranar da muka kama hanyar Wudil a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, ba mu yi nisa ba allura ta tashi. Na tsaya na buɗe murfin baya, tururi ya bugo mini fuska, ruwa na tafasa a robarsa kamar tukunyar shayi, yara na tsaye a gindin darbejiya suna kallona. Bayan mota iska ba ta shiga da ƙarfi, zafin injin da na salansa kawai fankar ke juyawa. Sai da muka mayar da lagireto gaba, muka ja bututu biyu ta ƙarƙashin mota, sannan na samu kwanciyar hankali.

Kombi ta kai mita huɗu da rabi, don haka ruwan tafiya mai nisa zai yi, zuwa da dawowa. T3, ƙanwar motarka da ta fito a 1979, masu shan ruwa daga cikinsu suna ɗaukar wajen lita 17, fiye da ninki biyu na Golf. Bututun ya zama na ƙarfe mara tsatsa ko alminiyam, a ɗaure shi sama da ƙasan shasi inda dutse ba zai same shi ba, a sa roba duk inda zai gogi ƙarfe. Robar ƙarin ruwa ta fi ko'ina tsayi, a kuma sa wurin fitar da iska a saman lagireto, domin iska in ta maƙale a dogon bututu injin zai yi zafi alhali lagireto na da sanyi. Kada a cire tamostat kamar yadda aka saba yi mana, kada kuma a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, gishirinsa ke toshe hanyoyi. Da hunturu ka riƙa hure lagireton, ƙura na like shi.

Wani a zaure ya ambaci injin Volkswagen 1.9 TDI mai shan gas, wato dizal. Yana da tattalin mai, yana da jan kaya, amma ƙarfin murɗawarsa ya kusa ninka na injinka biyu, kuma ba ya son gudun juyi mai yawa. Giyabos ɗin Kombi gajerun giya gare shi, a babbar hanya injin zai yi ta ihu, haƙoran giya kuma suna shan wuya. Sai ka canja cikin giyabos, ga gas ba araha ba. Ban ba ka shawararsa ba.

Abu biyu kuma ba su da alaƙa da zaɓin inji, amma ba zan yi shiru a kansu ba. Na farko birki. Ƙirar 1978 tana da faranti a gaba, wannan alheri ne, amma robobin man birki da suka shekara arba'in da wani abu a canja su duka kafin a ƙara wa mota gudu. Na biyu wuta. Tankin man Kombi yana dab da ɗakin inji, gadon da 'ya'yanka za su kwanta kuma a saman injin yake. Injekta na turo mai da matsi mai ƙarfi, ba kamar kafireta ba, tsohuwar roba ba za ta ɗauka ba. A sa sabon tiyo na injekta tun daga tanki, da na mayar da mai, a nisanta su da salansa, a sa fiyus a wayar famfon mai, ka kuma ajiye abin kashe gobara inda hannunka zai kai kana zaune. Rasit ɗin injin ka adana shi, ka je ofishin lasin a gyara lambar inji a takardun mota, don kada a tsare ka a hanya kana da iyali.

Da a ce kana zaune inda Subaru ke da yawa, kamar Kenya, da na ce ka sa EJ22 ka huta. A Kano kake. Ka nemi Golf 3 mai lita 2.0 in ka samu mai lafiya, in ba ka samu ba 1.8 ya wadatar. Ka je Ƙofar Ruwa da makanikenka da mai wayarin tare, a buɗe murfin mai a leƙa, a cire fulogi a duba, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji kafin ka biya. Tsohon injin kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ka tsiyaye mansa, ka zuba sabo kaɗan ta ramin fulogi, ka rufe shi da leda a ɗaki mara danshi. Injin mahaifinka ne, kuma lambarsa ce a takardun motar na asali. Kada a yanke komai a jikin shasi da zai hana a mayar da shi wata rana.

In ka tashi zuwa kasuwar ka yi mini magana, ranar Asabar ina gari, sai na zo da tawa ka leƙa ƙarƙashinta ka ga yadda muka bi da bututun.