Asibitin ƙauyenmu: ma'aikatan na ƙoƙari amma sun yi kaɗan

Jama'a ga ra'ayina kan asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu da ke can ta hanyar Soba, ni a Tudun Wadan Zariya nake zaune amma su Inna da ƙannena duk can suke zuwa. In maki goma ne zan ba shi shida, kuma ma'aikatan ne suka ciwo masa shidan.

Gini dai ba laifi, yana cikin waɗanda aka gyara lokacin da aka ce kowace mazaɓa cikin 255 na jihar Kaduna ta samu nata, akwai sola, firijin allurar rigakafi na aiki, gwajin maleriya nan take ake yi.

Matsalar ita ce hannu. Ungozoma ɗaya ce tal, sai malamin asibiti da mai yanka kati da wasu 'yan sa-kai da ba su da albashi. Wallahi baiwar Allahn nan ranar awo ita ce auna hawan jini ita ce duba ciki ita ce rubuta magani, ana cikin haka a kawo mai naƙuda ta bar layi ta shiga ɗakin haihuwa, mata su yi ta zama a benci har azahar wasu ko karyawa ba su yi ba, amma ban taɓa jin ta daka wa kowa tsawa ba, "sannu Hajiya, yi haƙuri yanzu zan zo kanki" shi ne maganarta. To amma mutum ce, dole ta yi barci. Da dare in abu ya taso sai neman mota zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan cikin Zariya ko a wuce asibitin koyarwa na Shika, kuma mai zubar da jini ba ta jiran a gama cinikin mota.

Duk sanda aka ce za a ɗauki ma'aikatan lafiya murna muke, sai dai wanda aka turo daga gari bai daɗewa yake fara neman taransifa, ni kuma ban ga laifinsa ba, ba kwatas, ba makarantar kirki ta yaransa, alawus ɗin ƙauye bai taka kara ya karya ba, manyan likitoci ma Saudiyya da Ingila suke tafiya balle nas. Alhali ga yaranmu nan da suka gama karatun lafiya a Makarfi suna zaune da takardunsu, wasu su ne 'yan sa-kan nan. Su ya kamata a fara ɗauka, a tura kowa mazaɓarsa inda gidan ubansa yake. Tun 2009 aka ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara a ƙasar nan, har yau muna kan maganar mutum ɗaya.

Mai zuwa awo ko rigakafi ta yi sammako, za a duba ta da mutunci. Mai tsohon ciki kuma maigida ya ajiye lambar direba tun watan bai kama ba.