Sabon gidan hambaga na Filato: kazar ta yi, hambagar da saura

Tun da aka buɗe babban reshen wani kamfani mai saida hambaga da soyayyar kaza a unguwar Filato, hotunansa suka cika Facebook da TikTok na ƴan Yamai. Yarana suka matsa mini lamba, shi ne ranar Asabar bayan la'asar muka tashi daga Bukoki muka je.

Ginin hawa biyu ne, gabansa duk gilashi. Kilim ɗinsu na aiki sosai. Wanda ya san zafin Yamai na watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya san wannan kaɗai ya isa ya jawo mutane. Muna zaune aka ɗauke wuta, kafin mu ankara gurup ya tashi. A sama akwai wurin wasan yara, kuma an ware ɗan ɗaki na sallah da wurin alwala mai tsabta, abin da ban yi zato ba.

Ba a zuwa tebur a tambaye ka. Layi za ka bi, ka zaɓa a allo, ka biya, a ba ka lamba. Yarinyar da ke kan kuɗi ta fara da Faransanci, da ta ga ina kallon allon ina jinkiri sai ta ce, "Tanti, in taimaka miki?" Ta bayyana mini komi da Hausa ba tare da gajiya ba, na baya gare ni kuma ta juya masa da Zabarmanci.

Kazar ta yi daɗi, gaskiya. Bayanta ƙamas-ƙamas, cikinta da laushi, ba ta sha mai ba, kuma da zafinta aka kawo. Soyayyen dankalin ma ba laifi. Hambagar ce ta ba ni haushi. Naman siriri, lami, an lafta masa mayonez har burodin ya jiƙe. A garin da ake kilishi da balangu irin na Yamai, ƙasar da ke noman albasar Galmi, a ce an ba ka nama ba yaji, albasa yanka ɗaya tal kamar an auna ta da ma'aunin zinariya! Na nemi yaji, aka miƙo mini jan miyar tumatir mai zaƙi a ƴar leda. Yaran dai sun cinye tasu har suna lasar hannu, su ba ruwansu.

Kuɗin ba na kullum ba ne. Hambaga da dankali da lemo jika 4 da rabi, mu huɗu muka tashi a kusan jika 20, ga jiran kusan rabin awa saboda cunkoso. In za ku je, ku ɗauki babban bokitin kaza ku raba, ya fi sauƙi, kuma ku tafi da yajinku a jaka. Wurin ajiye mota ƙarami ne, gara taksi ko babur, musamman daren Asabar.