Dara ko lido: wanne ya fi dacewa da majalisa?

Idan kun kai huɗu a majalisa, a Samaru ko Tudun Wada, lido ya fi saurin haɗa ku. Kowa da gidansa da 'ya'yansa 4, sai ka jefa shida kafin ɗa ya fito. Rabinsa sa'a ce, shi ya sa ɗan koyo kan kori gwani gida, a yi ta ihu.

Dara kuwa ba ruwanta da sa'a. Ramuka 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 masu rami 6, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Ka jera uku a layi, ka cire ɗan abokin karawarka. Tun wajen zubi, wato sa 'ya'ya a ramuka da farko, ake cin mutum, don wanda ya zuba da ka yakan tarar an toshe masa hanya kafin a soma tafiya. Aibinta ɗaya, mutum biyu take ɗauka, sauran sai kallo da katsalandan: "Malam, matsa na gefen!"

Ni dai dara nake zaɓa, in dai 'yan kallo za su kame baki. A cikin birnin Zariya wannan da wuya.