Shagon Injiniya, inda hotona ya tsufa

Duk wanda ya taɓa neman gurbin karatu ko aiki ta intanet a Birnin Kebbi ya san shagunan kwamfutar nan da ke wajen Poli. Nawa shi ne na wani bawan Allah da muke ce wa Injiniya, ko da yake ban taɓa jin inda ya karanta injiniyanci ba. Tun 2017 nake zuwa wurinsa, ranar da na je buga sakamakon JAMB da zumuɗi kamar zan tashi sama.

Abin da ya riƙe ni wurinsa gaskiya ce. Za ka zo da tallan ɗaukar ma'aikata da aka turo maka a WhatsApp, ya duba sau ɗaya ya ce, "Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka, wannan na 'yan damfara ne." Alhali da ya cike maka, shi ke da riba. Kuma kowa yana da ma'ajiyarsa a kwamfutarsa: sakamakon WAEC, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma, hoton fasfo, duk suna nan. Ko ka mance da takardunka a gida, aikinka ba ya tsayawa. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 ya jingine janareta ya sa sola. Kuɗin aiki ya ƙaru, amma mun huta da hayaƙi da "bari a sayo mai".

Laifinsa kuwa, shagon ƙarami ne, fanka ɗaya. A watan Afrilu sai ka fito kamar an tsamo ka daga gulbi. Na'urar buga takarda tana fitar da rubutu dishi-dishi idan tawada ta yi ƙasa, kuma ba a canzawa sai an yi magana. Yaron da ke taya shi yana da gaggawa. Ya taɓa sa mini sunan mahaifi a gurbin sunana, fom ya ƙi dacewa da NIN, kafin a gyara an rufe shafin. Na yi kwana uku ba na gaishe shi. Sannan idan mai babbar riga ya faka mota, layi ya tashi aiki.

Amma bencin ƙofar shagon, ba na jin akwai majalisar da ta fi shi sanin halin da muke ciki. Mu ne muka shiga jami'a don shekara huɗu muka yi shida: korona da yajin aikin malamai sun cinye 2020, wani yajin ya sake ɗauke wata takwas a 2022, daga Fabrairu har Oktoba. A kan bencin nan muka rarraba ma'aikatu tun muna aji biyu, wannan banki, wancan kwastan, ni kuwa malamin jami'a. Yau ɗaya yana da rumfar POS, ɗaya ya koma fadamar Argungu yana noman rani, kuma shi ne kaɗai a cikinmu ya yi aure. Da muna yi masa dariya. Yanzu idan ya shigo gari shi ke saya mana shayi.

Makon jiya na je cike wani fom. Injiniya ya buɗe ma'ajiyata, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Hoton ga ya tsufa. Wanga yaro ba kai ba ne." Hoton 2017 ne, babu gemu, wuya kamar na zalɓe. Ya rataya farin ƙyalle a bango ya ɗauke ni sabo. Da muka iso gurbin ranar haihuwa, shafin ya ƙi wucewa: kada a haura shekara 28. Ni kuwa na cika 29 bayan babbar salla.

Na yi shiru. Ya ce wasu kan roƙe shi ya rage musu shekaru, shi ba ya yi, don NIN za ta tona asiri, kuma ko ba ta tona ba, ba zai ɗauki alhakin ba. Sai ya tambaye ni ko gonar Baba ta Kalgo tana nan. Na ce tana nan. Bai ƙara ko kalma ba, kuma kuɗin hoto kawai ya karɓa.

In za ka je, je kafin ƙarfe goma na safe, ka riƙe takardar NIN a hannu. Ran nan, ina tashi daga kujerar, sai wani yaro ya zauna, sakamakon WAEC a cikin leda, yana ta murmushi. Injiniya ya buɗe masa sabuwar ma'ajiya. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ƙanena, kafin a tura, karanta sunanka sau biyu."