Injin Goge Katako: Wanne Ya Kamata Ka Saya a Zariya?

Da yawa daga cikin masu shiga kasuwar Sabon Gari neman injin goge katako, da giranda suke fitowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ta fi araha, kuma mai shago zai ce maka tana yanka ƙarfe, tana yanka tayil, in ka ɗaura mata faifan samfefa ta goge katako. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Wannan gudun shi masu walda ke so a kan ƙarfe. A kan katako kuwa, kafin ka ankara ta yi kwarmi a fuskar tebur, wanda ba zai nuna kansa ba sai ranar da aka fesa fenti. Mafi muni, don faifan ya kwanta sosai sai a cire murfin kariyarta, wasu har zarto mai haƙora suke ɗaura mata. Idan ya sarƙe a katako, hannu ko cinya yake komowa. In aikinka katako ne, bar wa maƙera girandarsu.

Injinan da aka ƙera don wannan aiki iri uku ne za ka fi gani.

Akwai mai bel, wanda samfefarsa ke zagaye tayoyi biyu. Shi ne na aikin ƙarfi: katakon da ka ɗauko daga 'Yan Katako da sawun zarto a jikinsa, ƙyauren ƙofa, bencin makaranta. Yana ci da sauri, yana kuma cin wuta, don yawanci tsakanin wat 800 ne zuwa 1,200. Ƙaramin janareton da ke ɗaukar fanka da ƙwan fitila ba zai ja shi ba. Hannu biyu ake riƙe shi, kuma sai an ƙulle katakon a jikin benci, in ba haka ba ya harba shi baya. Yana da maɓallin da ke riƙe makunni a kunne, kuma a nan hatsarin garinmu yake. Ana cikin aiki a ɗauke wuta, kafinta ya ajiye inji ya tafi sallar azahar bai kashe ba. Wuta na dawowa injin ya ruga a kan tebur, ya faɗo kan duk wanda ke kusa. Da an ɗauke wuta, zare filogi.

Na biyu mai kusurwa huɗu ne, mai karkarwa. Ba shi da sauri, amma ba ya wahalar ciyarwa: samfefar da ake sayarwa falle-falle ita za ka yaga gida huɗu ka maƙala. Ya dace da gugar ƙarshe da shiga lungu.

Na uku, mai zagayayyen faifai na milimita 125, shi nake ba kafinta mai shago ɗaya da inji ɗaya shawarar ya saya. Yana juyawa yana karkarwa a lokaci guda, don haka ba ya barin zane a katako, kuma wat 300 ko ƙasa da haka ya ishe shi. Matsalarsa samfefa. Ta musamman ce, mannawa ake yi kamar maɗaurin takalmin yara, tana da huji-huji da ƙura ke bi zuwa jaka. Kafin ka biya kuɗi, ka ce mai shago ya nuna maka samfefa mai lambar kaushi 80 da 120 da 180, ka gwada ka ga hujin ya yi daidai da na injin. Injin da sai an aika Kano ko Kaduna kafin a samo masa samfefa, kwanciya zai yi a ƙarƙashin benci.

Sabo ko na hannu? Tsohon Makita ko Bosch na asali yakan fi sabon jabu mai ɗauke da sunansu daɗewa, araha kuwa ba ta ado. Amma ka karanta farantin da ke jikinsa. Wutarmu bolt 230 ce, injin da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa 120 ne, kana jona shi ya ƙone. A kunna maka a shago. Tartsatsi mai yawa ta ramukan iska, ƙaurin waya, ko kukan boris, duk alamun ajiye shi ne. Ka tambaya ko ana samun kabon ɗinsa, wato 'yan gawayin cikin motarsa da ke cinyewa a canza su. Injinan Ingco da Total sun wadata a shaguna, suna kuma yi wa matsakaicin aiki. Mai batir yana da daɗi ranar da babu wuta, sai dai guga na shanye caji da wuri, ga batir na biyu da tsada.

Kada kuɗinka su ƙare a kan inji. Tun 1995 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansa, musamman ta hanci. Ƙurar maɗaci da ta allon MDF, wanda ake yi da matsattsen garin katako, suna tayar da asma da ƙaiƙayin ido, tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma. Hankicin da ake ɗaurawa a hanci, ko takunkumin yadi na hunturu, ba sa tare ƙurar da ido ba ya gani. Nemi takunkumi mai alamar N95 ko FFP2, da tabarau mai rufe gefe, da abin toshe kunne in mai bel ka saya. Ka sayi biyu-biyu, domin a yawancin shaguna ba maigida ke guga ba, yaron shago ake bar wa ita wuni guda.

Sauran ba na saye ba ne. A naɗe hannun riga, a tuɓe jallabiya mai yalwa, a cire carbi daga wuyan hannu. A daina cusa tsirarar waya cikin soket ana tokare ta da tsinken ashana. Jakar ƙura kuma a zazzage ta kafin a rufe shago, kada a goge ƙarfe ko kan ƙusa tana maƙale, don tartsatsi ɗaya kan kwana yana ci a cikin garin katako.