Danfodiyo ko Birnin Kebbi: ina mai maki 248 za ta sa zaɓin farko?

Yaya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na natsu. Kin ce ɗiyarmu ta ci 248 a UTME, jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, likitanci take so, zaɓinta na farko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, na biyu kuma jami'ar jiha ta Aliero. Kawunta ya ce a bar ta inda take, malaminta kuma ya ce a mayar da ita Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wai can ta fi sauƙin shiga. Kina so a jera miki su biyun ki gani da idonki.

Ki fara yi mata barka tukuna. A jarrabawar 2025, cikin kusan ɗalibai miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba cikin 400. Mai 248 ta wuce taro mai yawa. Sai dai waɗanda ta wuce ɗin ba su ne abokan takararta ba. Masu neman likitanci su ne zakarun kowane aji, daga Argungu har Yauri har Gusau, kuma duk a ƙofa ɗaya suke cincirindo. Makin da JAMB ke sanarwa bayan taronta da shugabannin makarantu, wanda a 2025 aka tsayar a 150 ga jami'o'i, ƙasan rijiya ne kawai, ma'ana kada wata jami'a ta ɗauki wanda bai kai shi ba. Kowace jami'a na da nata a sama da wannan, kowane sashe kuma na da nasa a sama da na jami'ar, na likitanci shi ne can ƙololuwa. Shi ya sa in aka ce miki jami'a kaza ta fi sauƙi, ki tambaya: a wane kwas?

Akwai wani abu kuma da ya shafi su biyun, tunda duk na tarayya ne. Gurabensu kashi uku ake yi. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, ko daga ina ɗalibi ya fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar. Kashi 20 na jihohin da aka lissafa an bar su a baya a ilimin boko, su sama da ashirin ne, Kebbi da Zamfara da Sakkwato duk suna ciki. Wato in gurbi ɗari ne a sashe, ɗiyarmu ba gurbi ɗari take nema ba, layi uku ne take iya tsayawa, kowane da tsawonsa. A Danfodiyo 'yar yanki ce, a Birnin Kebbi ma 'yar yanki ce, har da ƙarin cewa 'yar gida ce. Ta nan dai kusan kunnen doki suka yi. Kada kuma a ɗora rai da yawa a kan kason ƙarshen nan, domin a jami'o'inmu na wannan shiyya kusan duk mai nema daga irin waɗannan jihohin yake. Gatan da kowa ke da shi a gida ba ya raba gardama.

To, ga inda suka bambanta.

Danfodiyo tsohuwa ce, tun 1975, da asibitin koyarwarta a cikin garin Sakkwato, kuma likitocin da ta yaye sun cika asibitocin Kebbi da Zamfara. Wannan suna shi ke jawo mata jama'a. Yaron Katsina da na Neja da na Kano duk suna sa ta zaɓin farko, ban da na Kudu masu maki mai nauyi da ke shigowa ta layin cancanta. Ta Birnin Kebbi kuwa a 2013 aka kafa ta, shekara ɗaya da ta Gusau, kuma sashen likitancinta yaro ne in an gwada shi da na Sakkwato. Masu nemanta ba su kai na Danfodiyo yawa ba, nan malaminta ya yi gaskiya. Abin da bai faɗa ba shi ne yawan kujerun. Ba jami'a ke yanke wa kanta adadin ɗaliban likitanci ba, hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ba kowace makaranta ƙayyadadden kaso gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta da kayan aikinta, kuma sabuwar makaranta da ƙaramin kaso take farawa. Kenan a Sakkwato taro ya fi yawa amma tabarmar ta fi faɗi, a Birnin Kebbi taron bai kai ba amma tabarmar ƙarama ce. Ga shi kuma shawarar da malaminta ya ba ta, malamai da yawa ita suke ba nasu ɗaliban. In kowa ya gudu inda ake cewa babu kowa, ai wurin ya cika.

Bambancin da ni na fi ba nauyi ba a likitancin kansa yake ba, a maƙwabtansa yake. Da darussa huɗun da ta rubuta, Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fizis, ana neman aikin jinya, da harhaɗa magunguna, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da ɗaukar hoton asibiti, da likitancin dabbobi. Danfodiyo na da waɗannan duka a ƙarƙashin rufi guda. In likitanci ya kuɓuce mata a can, akwai ƙofofi da dama a kusa da za ta iya ƙwanƙwasawa ba tare da ta bar jami'ar ba, ko da yake jinya da harhaɗa magunguna su ma yanzu rububinsu ake yi, kada a ɗauka banza ne a ajiye. A jami'a mai tasowa ƙofofin gefe ba su kai haka yawa ba, wanda ya faɗo daga likitanci yakan tsinci kansa a kwas ɗin kimiyya zalla. Ba laifi ba ne karatun, amma a sani kafin a shiga.

Nan zan ɗan ratse, don akwai maganar da ke yawo tana cutar da yara: wai ki karɓi Bayoloji ko Kimistiri, in kin yi ƙoƙari a aji ɗaya sai ki koma likitanci. Kason MDCN ɗin nan shi ke toshe wannan hanya, kujerun an riga an ƙirga su. Na koyar da yaran da suka shiga da wannan niyya, yawancinsu a kwas ɗin da suka shiga suka kammala. Wanda zai karɓi kwas, ya karɓe shi da zuciyar zai gama shi.

Batun nisa gajere ne. Daga Argungu Birnin Kebbi ta fi kusa, kuɗin mota da na kai mata garin tuwo zai fi sauƙi, Sakkwato ma dai ba bayan duniya ba ce, titi ɗaya ne. Shekara shida ne karatun in babu yajin aiki, sai ki lissafa.

Yanzu, ta yaya za a auna ko 248 zai kai? Ba da ji-ta-ji-ta ba. Lambar da ake buƙata ɗaya ce a kowace jami'a: makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a likitanci bara da bara waccan, a layin 'yan yanki. Ana samunta a wurin 'yan aji ɗaya da aji biyu na sashen, musamman ta ƙungiyar ɗaliban Kebbi, a tambayi mutum biyar ko shida, ba mutum ɗaya ba, kuma a nemi wanda ya shiga da ƙyar, ba zakaran da ya ci 300 ba. Mutane sun fi son ba da labarin mai maki mafi yawa, alhali mai mafi ƙaranci shi ke nuna inda ƙofa ta rufe. Ana kuma iya zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai a tambaya cikin ladabi. Ma'aunina, kuma nawa ne ba na hukuma ba: in makinta ya ɗara na ƙarshen da kamar 20, akwai kwanciyar hankali, in suna kusa da juna, a saka rai amma a shirya wata hanya, in yana ƙasa da shi a shekaru biyun a jere, to addu'a ce kawai ta rage, kuma ba a gina shekarar yarinya a kanta ita kaɗai.

A kuma binciki yadda kowace ke haɗa maki a bana, domin 248 ɗin ba shi kaɗai ake kallo ba. Misali daga Kudu, inda tsarin ke a bayyane: Jami'ar Ibadan na raba makin UTME da takwas, ta haɗa da rabin makin jarrabawarta ta tantancewa. Mai 248 ta samu 31 cikin 50 kenan, in ta ci 70 a tantancewa ta ƙara 35, jimla 66. Wanda ya ci 280 amma ya samu 56 a tantancewa zai tashi da 63, ta wuce shi. Jami'ar Legas kuma tana ba UTME kashi 50, tantancewa 30, sakamakon sakandare 20. Saboda haka in Danfodiyo ko Birnin Kebbi na ba sakamakon WAEC ko NECO nauyi, kuma nata cike yake da A da B, to can ƙarfinta yake. In jarrabawa ake sake yi, tana da damar cike giɓi da karatun sati uku. A karanta sanarwar kowace ta wannan shekara, don tsarin na canzawa.

Wataƙila kin ci karo da shawarar nan ta raba makarantu gida uku: na buri, na daidai kai, da na tabbas. Shawara ce mai kyau, amma daga Amurka ta taso, inda ɗalibi ke iya neman makarantu har 20 da fom ɗaya na Common App, kowace ta duba shi da kanta, ya sa Harvard da ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nemanta, ya sa jami'ar jiharsu a gefe. A Ingila ma UCAS, hukumar da ake neman jami'a ta hannunta, na ba da gurbi biyar, huɗu kawai ake yarda su zama likitanci. Mu fom ɗin JAMB gurbi huɗu ne a takarda, amma a kwas irin likitanci harsashi ɗaya ne a bindigar. Jami'ar da 'yan zaɓin farko suka riga suka yi mata yawa ba ta da dalilin waiwayar wanda ya sa ta ta biyu. Don haka Aliero da ke zaune a gurbi na biyu kada a ɗauke ta kamar kuɗi a aljihu. In ana son ta da gaske, sai an je an canza ta koma ta farko, kuma kafin ta rufe tantancewarta.

Shi ya sa namu jerin a jere yake cikin lokaci, ɗaya bayan ɗaya. Na buri shi ne likitanci a inda lambar ta nuna ta fi kusa. Na daidai kai shi ne kwas ɗin lafiya da ta yarda da shi tun yanzu, a yanke shi a gida kafin a shiga ruɗani, domin wani lokaci jami'a kan tura tayin canjin kwas ta CAPS, wato shafin JAMB na ba da admishan, yaro ya yi ta jan ƙafa yana jiran likitanci har tayin ya wuce. Na tabbas shi ne jami'ar jiha, inda 'yan asalin jihar ke da fifiko. Bayan su akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU Zariya ke kula da jarrabawarsa, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye in ya ci da kyau, ko kuma a sake zama UTME baɗi, tunda makin bana ba ya ƙetare shekararsa. Abin da ke kashe wannan tsari shi ne jinkiri. Manyan jami'o'i kan daɗe ba su gama fitar da sunaye ba, kafin uwa ta haƙura ƙananan sun rufe. Ku sa wa kanku rana: in ranar ta zo ba labari, a juya.

Ra'ayina, tunda kin nema: da 248 likitanci buri ne a duka biyun, ba na ganin canza jami'a kawai zai mayar da shi tabbas. In abin da take so shi ne aikin asibiti ko ta wace ƙofa, ta zauna a Danfodiyo saboda yawan ƙofofin. In kuwa ta ce likita ko ba komai, a samo lambobin nan biyu, in ta Birnin Kebbi ta fi kusa da makinta da tazara mai ma'ana, a canza ba tare da jin kunyar kawu ba. Ki zaunar da ita ku biyu kawai ki tambaye ta, don yara kan faɗi likitanci a gaban manya saboda shi suka ga ana so a ji.

Kafin duk wannan, a tabbatar an ɗora sakamakonta na sakandare a shafin JAMB. Na taɓa samun ɗalibi mai maki sama da nata da ya rasa shekara guda cur, domin wani mai shagon intanet ya karɓi kuɗi ya ce ya ɗora, ashe bai shiga ba, sunan yaron bai ma isa teburin tantancewa ba. A je cibiyar CBT, wato ta jarrabawa da kwamfuta, da JAMB ta amince da ita, ta buɗe CAPS da kanta ta ga kiredit biyar ɗin a rubuce: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri, Fizis. Duk wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi zai samo mata gurbi ta bayan gida, admishan da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma sai lokacin bautar ƙasa yake tona kansa.

Ki turo mini abin da ta samu a darussa biyar ɗin nan, da ko zama ɗaya ne ko biyu. Ina da tsofaffin ɗalibai a sashen lafiya na jami'o'in biyu, zan tambaye su makin da suka shiga da shi, in Allah ya yarda kafin Juma'a mu ɗora nata a gefe mu gani.